Kular Dakta a Firizar Inna

Assalamu alaikum masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina kewaye-kewaye in faɗi abin da ya shiga tsakanina da Dakta. To hajiya, kwantar da hankalinki, yau zan faɗa. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zaituna, 'yar fari a gidan Malam Ɗayyabu na Limawa a cikin Dutse. Abin ya faru ne a shekarar 2003, shari'a na kan ganiyarta, salula kuma ba ta daɗe da shigowa garinmu ba. Ina koyarwa a firamare, shekarata ashirin da shida, ba aure. Duk wadda ta tashi a gidan malamai ta san irin kallon da ake yi wa mai wannan shekarun in an haɗu a gidan suna.

Dakta Yahuza ɗan Buji ne, ɗan manoma. Ba irin likitan da kuka sani ba ne, ba ya duba mara lafiya, ba ya rubuta magani. Shi aikinsa binciken garkuwar jiki, wato abin da ke cikin jinin mutum da yake tare masa cuta. A Zariya ya yi karatu, ya tafi ƙasar waje ya ƙaro, suka yi suka yi ya zauna ya ce shi gida zai dawo. Akwai wata takarda da ya rubuta a kan ƙyanda tun yana can, wadda ɗalibai a Zariya da Kano suke kira takardar Buji, wai ba mai yin rubutu a kan ƙyandar jarirai bai ambace ta ba. Ya taɓa kawo mini wata mujalla mai kauri ya nuna mini sunansa a bayan rubutun wani farfesa na Senigal. Na ce, "To shi ke nan? Sunan kawai?" Ya yi dariya har hularsa ta goce, ya ce a wurinsu wannan ya fi a ba ka mota.

Kuma fa motar tasa ma ta aiki ce, tsohuwar fijo mai tari. Kaftaninsa biyu na sani, ruwan toka da ruwan ƙasa. Bayan la'asar yake zuwa, don Malam ya hana zancen dare tun kafin 'yan Hisba su hana. Ni kuwa in ci kwalliya, atamfata mai ganyen shuɗi, lalle a hannu, in ɗora farin hijabi in shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kai jama'a, wasu 'yan matan ana yi musu zancen lefe, ni ana yi mini zancen ƙyanda! Sai ya tsinci tsinken tsintsiya yana zane a ƙasa.

"Kin gani, Malama, uwa tana ba jaririnta garkuwa tun yana ciki, kamar guzuri. Allurar ƙyanda kuma sai ya kai wata tara ake yi masa. To wasu yaran guzurinsu yana ƙarewa kafin su kai."

"Sai me ya faru?"

"Sai abin da ya faru da Madina."

Madina ƙanwarsa ce, watanta bakwai ƙyanda ta ɗauke ta yana ɗan firamare. Abin da yake so ya gano shi ne, a wata na nawa guzurin yake ƙarewa a jikin yaran ƙauyukanmu. Shekara huɗu ke nan yana zagaya ƙauyukan Miga da Buji, da yardar dagatai da mazajen matan da su kansu matan, ana ɗibar masa ɗan jini daga cibiya ranar haihuwa, sannan ya riƙa komawa yana ɗibar kaɗan-kaɗan har yaro ya isa allura. Duk yana tarawa a sanyi, sai sun cika a auna su gaba ɗaya. Ni dai ba duka nake ganewa ba, amma wallahi ina son yadda idonsa yake haske in yana bayani.

Malam ma yana ganin girmansa, ya taɓa jin sa a rediyo ya ce yaron yana da nutsuwa. Har an tsayar da magana manyansa za su zo daga Buji ranar Juma'a a nemi aurena.

A farkon wannan satin ne ya zo da rana tsaka, ba ma lokacin zance ba, gumi ya jiƙa kaftanin ruwan ƙasan. Tiransifomar unguwar da ɗakin bincikensa yake ta ƙone, janaretan kuma ya ƙi tashi. Ga zafin bazara. Ya buɗe bayan fijo ya nuna mini wata shuɗiyar kula an naɗe bakinta da salatif.

"Zaituna, duk abin da na mallaka yana cikin nan. Jinin yaran nan ne, in ya narke shi ke nan. Layinku ba a cika ɗauke wuta ba, ko Inna za ta yarda a sa a firizarta? Zan je Kano in samo abin janaretan, in dawo in ɗauka."

Inna tana da babbar firiza a rumfar tsakar gida, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, rabin Limawa a wurinta suke saye. To ga inda matsalar take. Ni 'yar fari ce, Inna kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "waccan" ko "ke." Ba ta kallona ido cikin ido, balle a ce mu zauna mu yi zancen saurayi. In Dakta ya yi sallama ma ɗaki take shigewa. Ta yaya zan tsaya a gabanta in ce kayan wane ne, ga abin da ke ciki? Sai na rungumo kular na tsaya daga gefe ina kallon bango.

"Inna, wai akwai ajiyar da za a sa a firiza."

Tana ƙulla zoɓo a leda, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta san ta waye, shi ya sa ma ba za ta tambaya ba.

"Wa ya hana?" ta ce.

Na kwashe ledojin ƙanƙara na zura kular can ƙasa, na mayar da su a kai. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malama ya ajiyata? Na iso Kano lafiya. Allah ya saka wa Inna." Na karanta ya fi a ƙirga, ina murmushi ni kaɗai kamar wata sabon kamu.

Ranar Laraba Goggo Rakiya, yayar Malam, ta iso daga Miga saboda zancen Juma'a. Goggo ita ta goyi Malam, don haka in ta yi magana a gidanmu ko shi sai ya sunkuyar da kai. Dama can ba ta son zancen. Ta ce likitan da ba ya allura ba ya ba da ƙwaya, wane irin likita ne? Kuma a lokacin gari ya ɗauka da surutu a kan allurar shan inna, kowa da abin da yake faɗa.

Na dawo daga makaranta bayan azahar, tun daga zaure na ji salati. Ina shiga na ga firiza a buɗe, shuɗiyar kula a tsakiyar tsakar gida cikin rana, an yanke salatif ɗin. Ashe Goggo ce ta shiga neman ƙanƙarar da ta fi ƙarfi, ta tono har ƙasa, ta zaci nama aka ɓoye. Ƙananan robobi ne jere a ciki, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, da lamba a jikinta. Yawancinsu ruwan ɗorawa ne, amma akwai jajaye, kuma duk mai ido ya san menene.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jini! Jinin mutane a cikin abin shan Musulmi!" Goggo tana tafa hannu tana zagaya kular. "Ai na san shi! Shi ne mai zuwa garinmu yana bin masu jego yana zuƙar jinin jarirai. An ce Turawa yake kai wa. Ashe nan gidan ya mayar ma'ajiya!"

Inna tana tsugune a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zani. Ba ta ce ta sani ba, ba ta ce ba ta sani ba. Ni kuwa idona na kan kular, don na ga gumi ya fara tsattsafowa a jikin robobin. Na yi wuf zan rufe ta in mayar, Goggo ta buge mini hannu.

"Kul! Mayarwa za ki yi? A ina?"

Ana haka Malam ya shigo daga makarantar allo, da carbinsa a hannu. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Goggo ta ce a kira 'yan Hisba yanzun nan. Ya ce, "A'a Yaya, ba za a tona wa kowa asiri a gidana ba." Sannan ya juyo gare ni.

"Na yaron nan ne?"

Na durƙusa. "Eh, Malam."

"Jinin su wa?"

"Na jarirai ne, Malam. Aikinsa ne. Da yardar iyayensu ya ɗiba. In suka narke, shekara huɗu..."

"La ilaha illallahu!" Goggo ta katse ni. "Ɗayyabu, kana ji? A gabanka take kare saurayi! Yau na ga ƙarshen zamani. Ke ko kunyar furfurar ubanki ba kya ji?"

Wallahi masu karatu, duk bayanin guzurin nan da na haddace, na neme shi na rasa. Ban taɓa yi wa Malam magana mai tsawon wannan ba tunda aka haife ni, kuma a kan namiji. Na dubi Inna ko za ta sa baki, ta kau da kai.

Malam ya ce shi bai yarda cewa yaron matsafi ne ba, kuma ba zai ɗauki jita-jita ba. Har zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ci gaba.

"Amma abu biyu ne. Jini najasa ne, ba a haɗa shi da abin da mutane za su sha. Na biyu, ɗan Adam Allah ya karrama shi. Ko mabiyiya ba a yar da ita, wanke ta ake yi a binne. Ko gashi da farce binnewa muke yi. Ta yaya za a bar jinin 'ya'yan bayin Allah a daskare kamar kifi? Hakkinsu ne a mayar da shi ƙasa."

"Malam, don Allah a jira ya dawo," na ce.

"Abin da ya shigo gidana ni za a tambaya a kansa ranar gobe. Ɗauko mini buta."

Shi da kansa ya ɗauki fartanya ya je bayan ɗakin Inna, gindin lallen nan inda aka binne mabiyiyarmu duka, ya haƙa rami. A raina na ce in ya binne su a robobinsu, ko da Dakta ya dawo a tono, wataƙila wani abu ya tsira. Ashe Malam ya riga ni tunani. Ya ce ƙasa ba ta cin roba, in an binne haka ba a yi komai ba. Ya zauna a kan buzunsa, ya yi bisimilla, ya fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayewa a ramin. Waɗanda ba su gama narkewa ba ya sa Goggo ta tsoma su a ruwan ɗumi. Duk wadda ya juye sai ya miƙo, in zuba ruwan buta, ya ɗauraye ya zuba a ramin.

Tun ina ganin lambobin har hawaye ya hana ni gani. Kowace roba na san tafiya ce a hanyar Miga da damina, fijo ta kafe a taɓo, ya sauka ya tura. Malam kuwa a nutse yake aikinsa, yana yi wa yaran addu'a, Allah ya raya su, Allah ya yi musu albarka. Ba mugunta a fuskarsa ko ƙwayar zarra, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da mugu ne da na samu wanda zan tsana. Sai da aka kusa kiran magariba ya mayar da ƙasa ya daddanna da tafin hannunsa.

Zoɓon Inna da kunun ayar da ƙanƙarar duk aka zubar a kwata, aka wanke firiza da omo da ruwan zafi. Ni na shige ɗaki na jawo waya daga ƙarƙashin filo. A lokacin samun layi a Dutse sai an yi da gaske. Na kira, na kira, ana ce mini ba a samun sa. Da ƙyar ta shiga, kafin in buɗe baki ya rigaye ni, muryarsa fal murna.

"Malama! Albishirinki! Na samu abin janaretan. Kuma na yi waya da Zariya, sun ce in kawo su wata mai zuwa a auna. Farfesan nan na Senigal ma ya ce zai turo ɗalibinsa ya koyi yadda muka yi. Gobe ina tafe..."

"Dakta, tsaya ka ji..."

Layin ya yanke. Na sake kira har batir ya mutu. Na sa caji na fara rubuta saƙo, na goge, na sake, na goge. Ku gaya mini, da wane harafi ake fara irin wannan maganar?

Washegari Alhamis bayan la'asar na ji tarin fijo a ƙofar gida. Na zari hijabi zan riga kowa fita, sai na tarar Malam ya riga ya zauna a zaure, ga kular a gefensa. Na maƙale a bayan ƙyauren ina leƙe ta tsaga. Dakta ya shigo da kaftanin ruwan toka, ya cire takalmi ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Na ga idonsa ya sauka a kan kular, a waje, cikin wannan zafin. Murmushinsa ya tsaya cak.

Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar yana ba da karatu. Ya ce bai zarge shi da komai ba, ya san niyyarsa alheri ce, amma ilimin boko wani lokacin yana sa mutum ya manta da hakkin jiki. Ya ce ya sauke masa nauyi ne.

Dakta ya sake duban kular. Da ya yi magana, muryar kamar ba tasa ba.

"Allah gafarta Malam, ko guda ɗaya ba ta rage ba?"

"Ko ɗaya. Da hannuna na yi, ban bar wa kowa ba." Malam ya tura masa kular. "Ga robobinka nan a ciki, an wanke su tas an shanya. Ba mu riƙe maka komai ba."

Ya buɗe murfin ya duba, ya mayar ya rufe.

"Sannan," in ji Malam, fuskarsa ta saki, "Yayata ta so a fasa maganar nan, na ce a'a. Na yaba da hankalinka. Ka ce wa manyanka su zo goben kamar yadda aka yi. Na ba ka Zaituna."

Allah sarki. Maganar da na yi shekaru ina roƙon Allah in ji, yau ga ta, amma ko ɗigon murna ban ji ba. Shi kuma me zai ce? Dattijo, malami, a zaurensa, ya ba ka 'yarsa. Dakta ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Na gode, Malam. Allah ya ƙara girma."

Ya ɗauki kular da hannu ɗaya, wadda ranar da ya kawo ta sai da na rungume ta da hannu biyu. Bai nemi a kira ni ba. Na ji fijo ta daɗe a ƙofar gida ba a tayar da ita ba, sannan ta tashi.

Cikin gida kuwa har an fara hidima. Goggo tana ta mita amma ta sa an jiƙa gero, Inna ta aika a sayo goro da alewa. Na ga Inna tana murmushi ita kaɗai a bakin murhu, karo na farko a satin nan. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da waya a cinya. Ana idar da magariba saƙo ya shigo.

"Kina gidan aka yi?"

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Zan iya cewa ina makaranta, ba wanda zai ƙaryata ni. Na rubuta: "Ina nan. Na roƙa ba a ji ba. Ni na riƙe butar."

Na ajiye wayar na tashi na yi sallah. Sai can wayar ta yi ƙara.

"Akwai na yaran da ƙyanda ta riga ta kashe a ciki, Zaituna. Iyayensu na yi wa alkawarin zan dawo in gaya musu dalili. Ba ni da inda zan sake samun jininsu."

Na kifa fuskata a filo don kada a ji kukana a tsakar gida. Ba ni da haƙurin da zan ba shi, ba ni da laifin da zan ɗora wa mahaifina. Da na samu numfashi na rubuta masa abu ɗaya da ya rage mini: "Gobe za su zo?"

Bai amsa ba.

Ranar Juma'a Malam ya sauko daga masallaci da farar babbar rigarsa, ya sa aka shimfiɗa sababbin tabarmi a zaure, aka jera goro a faranti. 'Yan uwansa suka zauna, maƙwabta suka zauna. Ni ina ɗaki da waya a hannu, duk motar da ta wuce sai in kasa kunne. Aka kira la'asar, suka tashi suka yi, suka dawo suka zauna. Rana ta fara yin ja a saman katanga, hirar zauren ta yi ƙasa har ta mutu. Sai na ji takun Malam ya shigo tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba.

"Zaituna," ya ce a hankali, "ko wani abu aka yi wa yaron nan?"